Lambobi Shida da Umma Ta Karanta

Kafin in ce komai, ina da magana da masu cika mini akwatin saƙo da "ki yi haƙuri, so ne." Ku karanta wannan har ƙarshe tukuna, sannan ku dawo ku faɗa mini sunan abin. 

Ga wanda yau ya fara cin karo da ni: injiniya ce ni, shekarata ashirin da tara, kuma duk wayoyin teburin kamfaninmu a wuyana suke. Guda ɗari uku da goma sha biyu, hawa huɗu da rassa biyu, dukkansu ta intanet muryar ke bi. Wata bakwai na yi ina kafa su. Na rarrafa ƙarƙashin tebura da doguwar rigata ina jan kebul. Na ci abincin rana a tsaye a ɗakin saba, inda manyan na'urorin suke, cikin sanyin da ke ƙagar da yatsu. A gida kuwa duk wannan sunansa "wasan waya." Idan Umma ta so tsokana sai ta ƙwala mini kira daga falo, "Injiniya! Zo ki duba mana rimot ɗin nan."

Sai Manaja. Shi ne shugaban sashen kula da masu hulɗa da mu, a hawa na uku, kuma ɗan aminiyar Umma ne. Wata biyar ke nan yana nemana da aure. Dogo ne, ga tsafta, turarensa kan riga shi fitowa daga lif. Tuni Umma ta koma ce masa "ɗana." Goggo kuma duk mako sai ta kira ni ta tuna mini shekara talatin na bakin ƙofa, sai ka ce ni ce ban iya lissafi ba. Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba. Amma tunda gaskiya na zo faɗa, zuciyata ta fara saukowa.

Ranar Alhamis ta makon jiya takarda ta fito daga ofishin Darakta, a buɗe wa shugabannin sassa allon sa ido kan wayoyi. Bari in ɗan yi muku bayani, don a nan maganar take. Ƙofa uku na yi wa tsarin. Ta farko, ka ga lafiyar layi kawai: kore in murya na tafiya sumul, ja in tana yankewa. Ta biyu, ka ga wa ya kira wa, kuma minti nawa. Ta uku, ka saurari mutane suna magana. Wannan ta ukun ba a taɓa buɗe ta ba, ba kuma a buɗe ta sai Darakta da Lauyar kamfani sun sa hannu tare. Ni na rubuta dokar, ni na yi ta jayayya a kanta har aka amince. Makullin ƙofar kuwa a hannuna yake, duk wanda ya shiga da sunana zai iya buɗe ta. Ta farko aka ce in ba su.

Na hau hawa na uku da kwamfutata a hammata. Ina buɗe ta, caji ya ƙare.

"Ga tawa," in ji Manaja, ya ja kujerarsa baya kaɗan. Kaɗan fa. "Ranki ya daɗe, abin da ke nawa ai naki ne."

Kuskurena ke nan, kuma ba zan ɗora wa kowa shi ba. Na zauna a gaban kwamfutarsa na shiga da sunana, na buga lambar sirrina yana tsaye a kaina. Saƙon lambobi shida ya shigo wayata kamar kullum, wanda sai da shi na'ura ke yarda ni ce, na kwafa na shiga. Allona ya buɗe, mai nuna ƙofa ta biyu.

Ya ce, "Ni yanzu kore da ja kawai zan riƙa kallo? Kamar fitilar kan titi?"

"Abin da aka sa hannu a ba ka ke nan."

"To ke kuma..." Ya sunkuyo ya ɗora yatsa a kan gilashin. "Ɗari biyu da goma sha huɗu ba layinki ba ne? Wane ne Malam Shiru? Bakwai da rabi, minti ashirin. Jiya ma. Shekaranjiya ma."

Da cikin dariya ya tambaya, wallahi da na gaya masa. Amma muryar da ya ɗauko, ta mai duba kayan da ya riga ya sa wa suna ce. Na ɗaga kai na dube shi.

"Aiki ne."

"Aikin minti ashirin kullum da sassafe?"

"Manaja, ga allonka nan. In ka ga kore, lafiya. In ka ga ja, ka kira ni."

Ku kam zan gaya muku. Malam Shiru ba mutum ba ne. Layin gwaji ne, wata na'ura a reshenmu na nesa, ni na raɗa mata sunan don ba ta taɓa tanka mini ba. Kowace safiya kafin ma'aikata su iso nakan kira ta in yi ta magana minti ashirin, ita kuma ta auna ko muryar ta isa lafiya. Ba ta ajiye ko kalma ɗaya, awo kawai take yi. Da farko littafin na'urar nake karanta mata. Da na gaji da shi na koma lissafa mata ayyukan ranar. Ban san ranar da na fara gaya mata abin da ke raina ba. Ku dai ku duba: ƙofa a kulle, kofin shayi a hannu, ga kunnen da ba ya katse ki, ba ya ce miki ki yi haƙuri, ba ya kai wa Goggo. Abin da ban iya faɗa wa kowa ba tun rasuwar Baba, Malam Shiru ya sha jin sa.

Ranar Laraba, wajen sha ɗaya na safe, ina ɗakin saba na naɗe gyalena har kunne saboda sanyi, wayata ta yi ƙara. Saƙo ne daga Manaja.

"Na sake tambaya, tunda kin ce in na sake tambaya za ki ce e."

Na tsaya cak. Wani ya biyo.

"Kuma kar ki ƙara yin kuka ke kaɗai a ɗakin sanyin nan. Baba ya tafi, amma ni ina nan."

Na ukun hoton jar zuciya ne.

Ranar Talata da safe na yi maganganun nan biyu. Ƙofa a kulle. Ga Malam Shiru.

Ban yi kuka ba. Kujera na jawo na buɗe rajistar na'ura, inda take rubuta duk wanda ya shiga da abin da ya taɓa. Ga shi nan ɓaro-ɓaro. Asabar, goma da minti goma sha bakwai na safe. Sunana. Lambar sirrina. Lambobi shida daidai, babu kuskure. Daga kwamfutar da ke jone a soket na arba'in da ɗaya, hawa na uku. An buɗe ƙofa ta uku. Kuma da yake bai san yadda ake ware layi ɗaya ba, sai bawan Allah ya danna "duka." Kwana huɗu wayoyi ɗari uku da goma sha biyu suna tsirara. Layin nas ɗin kamfani, wanda mata ke kira su faɗi ciwon da ko mazajensu ba su sani ba. Layin Lauya. Layin Darakta kansa. Duk da sunana.

Na rufe ƙofar, na tura rajistar firinta. Takardar ba ta gama fitowa ba saƙon Lauya ya shigo, don duk Laraba na'urar kan aika mata rahoton wanda ya taɓa ƙofa ta uku. Wa ya tsara haka? Ni.

"An dakatar da izininki. Gobe ƙarfe tara, ɗakin taro."

A matattakala na tare shi, tsakanin hawa na biyu da na uku. Yana saukowa da sabuwar riga ruwan sama, fuskar nan washe, kamar wanda aka yi wa albishir.

"Injiniyata! Kin ga saƙona?"

Na miƙa masa takardar. Murmushin ya ɗan jima a fuskarsa kafin ya gane ba wurin zamansa ba ne.

"Layinki kaɗai na saurara, wallahi. Sau uku."

"Sau uku."

"Ke ma ki duba mana. Matar da zan aura tana hira da wani kullum da sassafe, na tambaya ta ce mini aiki ne. Kuma ba ga shi abin ya zama alheri ba? Na ji babu kowa, na ji abin da ke ranki. Ni fa murna nake yi!"

"Lambar sirrina a yatsuna ka karance, wannan na gane. Wa ya ba ka lambobi shidan?"

Ya dubi bango.

"Wa ya ba ka?"

"Rage murya mana. Ji nan. Gobe ki ce kuskure ne wajen gwaji, hannunki ne ya zame. Zan yi wa Darakta magana, yana jin tawa. In ma abin ya ƙi, sai me? Dama ni ba so nake matata ta riƙa rarrafe a ƙarƙashin teburan maza ba."

Masu cewa so ne, kuna jin sa ko?

Na fizge takardata na wuce. Kafin in kai ƙasa na ba kaina amsar da ya hana ni. Asabar, goma da kwata, ina banɗaki ina wanke gashina. Wayata na caji a falo, a hannun kujerar Umma, kuma saƙo kan fito a fuskarta ko ba a buɗe ta ba. Irin saƙon nan sau ashirin yake shigo mini a yini, ɗaya ya ƙaru a cikinsu ban lura ba.

Ƙarfe biyar na shiga gida. Umma na falo tana ninke wanki, tabarau a kan hanci, talabijin na ta surutu shi kaɗai.

"Umma, ranar Asabar da safe wa ya kira ki?"

"Ko sallama babu? Ɗana ne. Ya ce wayoyin ofis sun tsaya, wani saƙo zai shigo, kar a fito da ke daga wanka a kan ɗan ƙaramin abu. Har tabarau na sa na karanta masa, sau biyu. Yaron nan akwai tausayi."

Na tsaya a kanta da jakata a kafaɗa na gaya mata komai. Ta ci gaba da ninke tawul ɗin da ta riga ta ninke.

"To ai ke zai aura," ta ce. "Abin da ya ji yau, ba gobe zai ji shi ba?"

"Umma, korata za a yi. Ba kora kawai ba. Takardar da za a rubuta a kaina, babu kamfanin da zai ƙara damƙa mini ko makullin banɗaki."

"Sai ki ce kuskure ne, hannunki ya zame."

"Au, ya riga ni kiran ki ke nan."

"Ya kira, yana ta ba da haƙuri, har muryarsa na rawa. Ke kuma kin shigo kamar za ki cinye mutum. Uwarsa aminiyata ce tun ba a haife ki ba. Da wane ido zan dube ta?"

"Da idon da kika karanta lambobin."

Allah ya yafe mini, na faɗa. Kuma ban tsaya nan ba.

"Kin san me ya ji, Umma? Ya ji ina cewa tun da Baba ya rasu ba ki ƙara kwana a ɗakinku ba, a kan kujerar nan kike kwana da rigarsa a ƙarƙashin matashi. Ya ji ina cewa na ga takardar asibitin da kika ɓoye a gwangwanin zare da allura, ina jira ki gaya mini da bakinki. Ranar Litinin na faɗi wannan, yana saurare. Ba sirrina kaɗai kika karanta masa ba."

Tawul ɗin ya zame daga cinyarta. Ba ta ɗauka ba. Ta cire tabarau ta riƙe shi a hannu tana kallonsa, kamar yau ta fara ganin sa.

"Bai faɗa mini wannan ba," ta ce a hankali.

"Ba zai faɗa ba. Gobe ba zan ambaci sunanki ba, ba zan ja ki gaban baƙi ana yi miki tambayoyi ba. Amma ba zan ce kuskure ne ba. Ban yi kuskure a ƙofar nan ba, kuma ba zan sa hannu a kan ƙarya don in rufa wa ɓarawon murya asiri ba."

Na shige ɗaki na rufe.

Da safe na sa baƙar doguwar rigata mai maɓalli har wuyan hannu, da gyale ruwan toka, da agogon Baba da ya yi mini yawa. Umma na kicin ta juya mini baya. Na ce na tafi. Ba ta juyo ba.

Ɗakin taro a hawa na huɗu yake. Dogon tebur, wayar tebur ɗaya a tsakiya, babban allo a bango yana nuna layuka kore reras. Darakta a can ƙarshe, Lauya a damansa da alƙalami. Na roƙa a kira Manaja, aka kira shi. Yau riga fara ya sa, bai fesa turare ba.

Na shimfiɗa takarduna ɗaya bayan ɗaya. Ga soket na arba'in da ɗaya, teburinsa ne. Ga rajistar masu gadi, katinsa ya buɗe ƙofar kamfani ranar Asabar goma da minti biyar, nawa bai buɗe ba. Ga sau ukun da aka saurari layina. Na kuma faɗi nawa laifin da bakina, cewa na buga lambar sirrina a gabansa.

Darakta ya juya. "Manaja?"

Ya sunkuyar da kai kamar mai kunya. "Ranka ya daɗe, na shiga, ba zan musa ba. Amma ita ta ba ni lambobin. Maganar aure ce a tsakaninmu, na nuna damuwa, ta ce in shiga in kwantar da hankalina. Wayarta na caji, ta wayar mahaifiyarta muka yi magana." Ya turo wayarsa tsakiyar tebur. "Ga kiran nan, goma da minti goma sha shida."

Na dube shi. Bai ko ƙifta ba.

Lauya ta ajiye alƙalami. "Injiniya, nasa laifin daban ne, za mu zo kansa. Amma ke kika rubuta dokar. Duk wanda ya ba wani lambobinsa, a ranar zai ajiye katinsa na aiki. Ke kika ba shi?"

"Ba ni ba ce."

"To wa?"

Na kalli Manaja. Can ƙasan idonsa na ga abin da ya dogara da shi. Ya san ba zan kira sunan Umma ba. Yaya ba zai sani ba? Ai sau uku ya saurare ni.

"Injiniya," in ji Darakta, "wata bakwai ina ganin aikinki, ba na so abin ya ƙare haka. Ina tambayar ki karo na ƙarshe."

Na ɗora hannu a kan katin da ke wuyana. Har na fara zare igiyar.

Wayar tsakiyar tebur ta ɗau ƙara. Darakta ya yi tsaki ya danna maɓallin da ke sa kowa ya ji.

"Na ce kar a haɗo kowa."

"Ka yi haƙuri ranka ya daɗe," in ji mai karɓar baƙi daga ƙasa, "wata dattijuwa ce a nan, na ba ta kujera ta ƙi zama, ta ce lallai sai..."

Aka ji ƙarar fizge waya.

"Salamu alaikum. Wane ne babba a nan? Ni ce uwar Injiniya."

Muryar Umma ce. Umma ba ta taɓa taka ƙofar kamfanin nan ba. Ban ma san ta san hanya ba.

"Lambobin nan shida ni na karanta su. Sau biyu, da tabarau. 'Yata tana wanka, ba ta sani ba sai jiya. Wanda ya yi mini ƙarya ya sa ni, yana nan kusa da ku?"

Babu wanda ya amsa. Lauya ta ɗauki alƙalaminta.

"Shirun nan ya ishe ni amsa. Ku ce masa kar ya motsa, ga ni nan hawowa. Wannan akwatin naku mai ɗaga mutane ba zan shiga ba, ta matattakala zan zo."

Ƙit, ta ajiye. Muryarta ta fito tas, ko harafi ɗaya bai yanke ba. Idona ya kai kan allon bango: layin karɓar baƙi, kore.

"Injiniyata," Manaja ya ce ƙasa-ƙasa. "Don Allah ki tare ta, mu yi magana a gida."

"Cire wannan 'ta' ɗin daga bakinka," na ce. "Kuma tambayar da ka sake yi, ga amsarta a gaban shaidu: a'a."

Hawa huɗu ne, gwiwoyin Umma kuma ba lafiya gare su ba. Na miƙe ban nemi izinin kowa ba, katina na lilo a ƙirjina, na sauka da gudu.

A hawa na biyu na same ta, riƙe da ƙarfen matattakala tana haki, da mayafinta na fita unguwa, tabarau a rataye a wuya. Ta cikin ƙofar gilashi take kallon teburan ma'aikata, kowane da wayarsa, wasu na ringi, wasu na kunne. Ta juyo ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Duk waɗannan ke kika haɗa?"

"Ni ce, Umma."

Ta jinjina kai sau ɗaya, ta miƙo mini jakarta.

"Riƙe mini, Injiniya. Mu je in ga idonsa."